Akwatin hitar Mustang 1966: kafet na jiƙewa, fanka ba ta tashi sai a gudu na uku

Mai_Fastback66

Assalamu alaikum manyanmu. Ford Mustang ce ƙirar 1966, inji 289, ba ta zo da AC daga kamfani ba. Kafet ɗin gefen fasinja kullum a jiƙe yake, kuma in an kunna hita gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo daga ciki. Fanka ba ta motsi a gudu na ɗaya da na biyu, sai na uku, kuma in ta tashi gutsattsarin soso ne ke fitowa ta ramukan gindin gilashi. Libar zafi ta yi tauri, ko an kai ta ƙarshen sanyi ɗumi bai daina dukan ƙafa ba.

Ina so in sauke akwatin gaba ɗaya in gyara shi a kan teburi. Ta ina ake farawa don kada a fasa shi? Lagireton hitar na asali, wato ƙaramin lagireton da ke cikin akwatin wanda ruwan inji mai zafi ke bi ta cikinsa, za a gyara ko a sayi sabo na alminiyam? Sannan wane irin soso da gam ake sa wa ƙofofin ciki?

Injiniya_B

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka tantance ruwan da ke kafet ɗin, domin a Mustang na 1965 zuwa 1968 hanya biyu ce ruwa ke bi ya sauka wurin nan. Dangwala farin tsumma ka duba. In yana da launi, yana da santsi a yatsa, yana ƙamshi zaƙi-zaƙi, ruwan inji ne daga lagireton hita. Kada ka ɗanɗana, guba ne, kuma kada a bar shi a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai gare shi. In kuwa garau yake ba wari, ruwan sama ne da ke shigowa ta kawul, wato ramin shan iskar nan mai raga da ke tsakanin bonet da gilashin gaba. Hazo mai maiƙon da ka ce ya riga ya nuna lagireton na yoyo, amma a mota mai waɗannan shekaru ba abin mamaki ba ne a tarar duka biyun suna yi.

Saukewar kuma ga yadda take. Inji ya huce sarai, ka cire kan batir na nagetif, ka zuƙe ruwan lagireton gaba har ya sauka ƙasa da matakin tiyon hita. A wannan ƙirar tiyo biyun suna ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a can ciki suke kama bututun lagireton hitar. Saboda haka daga wajen inji ake kwance su, ɗaya a manifol, wato mashigar iska da mai da ke saman inji, ɗaya a famfon ruwa, akwatin ya fito da tiyonsa a jiki. Busa iska a hankali ta baki ɗaya don ragowar ruwan ya fita ta ɗayan, sannan ka toshe bakunan, in ba haka ba a kan kafet zai ƙare lokacin da kake janyo su.

Daga ciki, cire kwalin durowar dashbod don hannu ya sami hanya. Ɗauki hoton kowane kebul kafin ka kwance shi, uku ne, ka liƙa wa kowanne takarda da sunansa, ka kuma yi alama a jikin kubensa daidai inda maƙalin ya danne shi. Alamar nan za ta rage maka wahala sosai wajen saiti. Cire filogin rasista, wato abin da ke rage wa fanka gudu, ka zare tiyon iska biyu masu zuwa gilashi. A wajen inji akwai noti huɗu kewaye da injin fanka, da wayoyinsa, ɗaya daga cikinsu a jikin bango take ɗaure. Ƙusa ta ƙarshe tana sama ta ciki, inda bakin akwatin ya haɗu da kawul. Ita ce za ka kwance a ƙarshe, hannu ɗaya yana tallafe da akwatin. Ja shi baya tukuna har ƙusoshin huɗu su fita daga bango, sannan ƙasa. Wanda ya ja ƙasa kai tsaye shi ne ke karya kunnuwan akwatin.

Akwatin ba ƙarfe ba ne, wani haɗin zare ne da aka matse, kuma tsufa ya sa shi gautsi. Ɓari biyu ne da kilif-kilif na ƙarfe suka haɗe. Kada ka sa sukundireba ka danna gefen akwatin don ɓalle kilif, leɓen ne zai tsinke ya bar kilif ɗin lafiya lau. Sa bakin sukundireban a lanƙwasar kilif ɗin kanta, ka tokare da ɗan siririn katako, ka ɗaga shi waje. Ɗora yatsa a kai, suna tsalle su ɓace.

Da wuya ka buɗe ka rasa sheƙar ɓera a ciki. Kada ka share ta a bushe ko ka busa mata iska, kashin ɓera da fitsarinsa na ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira hantavirus, mai kama huhu. Sa safar hannu da takunkumi, jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, ka bar shi minti biyar, ka kwashe da tsumma. Ka ɗauraye ƙarafan bayan nan don bilic na cin ƙarfe. Jikin akwatin kuma ruwan sabulu mai ɗumi da burushi mai laushi sun isa. Ba a tsoma shi a ruwa ya kwana, ba a kai shi wurin feshin yashi. In akwai hatimin tawada ko kwanan wata a jikinsa, rufe shi da tef kafin wanki, don in ya goge ba ya dawowa.

Ɗumin da ke dukan ƙafarka ba laifin liba ba ne. Mustang irin taka da ba ta da AC ba ta da makullin ruwa a kan tiyon hita, ruwan zafi na zagaya lagireton kullum, ana sanyi ana zafi. Abin da ke hana zafin shigowa ƙofa ce ta ƙarfe mai soso a fuskarta, ita ke karkatar da iska ta bi ta lagireton ko ta kauce masa. Soson ne ya zama garin da kake gani yana fitowa. Ba soso, ba rufuwa. A ganina nan ne ainihin aikin yake, fenti da sheƙi ado ne kawai.

Ƙofofin za ka tarar sun yi tsatsa, musamman wadda ruwan inji ke ɗiga a kanta. Kankare tsohon gam, ka cire tsatsar da burushin waya ko ka jiƙa su a ruwan tsamin sitirik na dare ɗaya, ka ɗauraye, ka busar nan take, ka sa fenti na ƙasa mai hana tsatsa sannan baƙi. Sandar da ƙofa ke juyawa a kai ka goge ta da sanfefa mai laushi, ka shafa mata ɗan farin giris kaɗan. Ana sayar da sosan a haɗe, yankakku daidai wannan ƙira, kuma su na fi ba da shawara a kan mutum ya yanka da kansa. In dole ka yanka, bi kaurin na asali, galibi tsakanin milimita 3 da 6 ne, mai laushin da ke lotsawa. Soso mai kauri ko mai tauri zai hana ƙofa kaiwa ƙarshe, sai ka riƙa tura liba da ƙarfi har wayar kebul ta lanƙwashe. Gam kuma wanda ake shafa wa fuska biyu, a bari ya sha iska ya daina kama yatsa sannan a haɗa, kuma wanda aka rubuta yana jure zafi. Gam ɗin feshi na aikin takarda yana sakin soso da zarar akwatin ya ɗauki zafi, ya faɗa cikin fanka.

TsohonMakanike

Injiniya ya gama magana a kan saukewa. Ni zan tsaya a kan lagireton.

Na asali jan ƙarfe ne da tagulla, bututunsa biyu da dalma aka liƙa su. Mafi yawan yoyon da ake samu a gindin bututun nan mutane ne ke jawo shi, wajen murɗa tsohon tiyo da filaya. Tiyon da ya shekara a wuri ba a murɗa shi. Tsaga shi ake yi da reza a tsaye, a ɓare shi.

Gwajinsa ba wuya. Toshe baki ɗaya, ka sa bawul ɗin taya a ɗayan da guntun tiyo, ka ba shi iska psi 13 zuwa 15, ka nutsa shi a bokitin ruwa. Kada ka wuce haka, murfin lagireton motar ma a wajen 13 yake saki, kuma iskar kwamfireso kai tsaye za ta kumbura masa tanki. In kumfa daga gindin bututu take fitowa, mai gyaran lagireto zai sake masa dalma ya zauna lafiya. In daga tsakiyar saƙar take fitowa, wato siraran bututu da fukafukan da iska ke ratsawa, ko ka ga kore da fari sun bi jikinsa kamar gishiri, ƙarfen ya ci, toshe rami ɗaya wani zai buɗe. Nan sai dai a sake masa saƙa sabuwa a bar tankunansa da bututunsa na asali. Ya fi tsada, amma zai koma mazauninsa ba tare da an yi masa dabara ba.

Ka kuma zuba masa ruwa ta bakin fita, akasin yadda yake bi a mota, ka ga ko yana fitowa da ƙarfi. Wanda ba ya yoyo amma laka ta toshe rabinsa ba zai ba ka zafi ba.

Na alminiyam ni ban cika son sa a tsohuwar mota ba. Sau da yawa girmansa bai kai na asali ba, kuma kusurwar bututun kan kauce.

ƊanChevelle

Baba, a yi mini afuwa, alminiyam ɗin ba shi da laifi in an san halinsa. Yana fitar da zafi yadda ya kamata. Matsalar girman gaskiya ce, amma maganinta soso ne: a auna faɗi da tsawo da kauri a gwada da tsohon, duk inda ya bar gibi a cike da soso mai rufaffen ƙwaya wanda ba ya shan ruwa, har ya zauna daram. In ba a cike ba iska za ta bi gefe ta kauce wa saƙar, hita ta yi rauni, shi kuma ya riƙa kaɗawa har ya tsage. Abin da ba a yi shi ne lanƙwasa bututu da hannu don ya shiga ramin bango.

Abin da ke kashe shi da wuri biyu ne. Na farko tsohon ruwan inji da maganin hana tsatsarsa ya ƙare, ga inji na baƙin ƙarfe ga lagireton gaba na tagulla, sai alminiyam ya zama shi ake ci. Na biyu wutar da ke bi ta cikin ruwa in wayar da ta haɗa inji da bodi ta yi rauni. Sa mita a kan volt na DC, baƙar waya a nagetif na batir, ja a cikin ruwan lagireto ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, inji na aiki, a kunna fitilu da fanka. In ya haura volt 0.3 a gyara wannan kafin a sa sabon lagireto, ko wane iri ne. Kuma kada a ɗaura wa lagireton hitar waya zuwa bodi da sunan kariya, hanya ce ka buɗe wa wutar ta bi ta cikinsa.

Matsalar fankarka kuma, Malam, rasista ce. A gudu na ɗaya da na biyu wuta na bi ta wasu nannaɗaɗɗun wayoyi da ke rage mata ƙarfi, a na uku kai tsaye take zuwa. Rasistar tana jikin akwatin, wayoyin suna leƙe cikin hanyar iska don iskar ce ke sanyaya su. Auna tsakanin ƙafafunta da mita, kowanne ya nuna ɗan ƙaramin om. Wanda ya nuna a buɗe ya tsinke. Amma ka tambayi abin da ya ƙona ta: ko ganye da sheƙa sun toshe iska, ko injin fankar ya yi nauyi yana jan wuta fiye da ƙima. In ka sa sabuwa ba ka duba injin ba, ita ma za ta bi ta farko. Kada kuma ka gwada ta a waje tana rataye, ba iska a kanta, cikin ɗan lokaci za ta yi ja.

Injin fankar, juya shi da yatsa. Ya kamata ya tafi sumul, ba girgiza gefe da gefe. Bushinsa tagulla ce mai shan mai, ɗigon mai marar kauri biyu ko uku a kowane gefe ya isa, giris toshe ta yake yi. Kafin ka zare keken fankar daga sanda, auna nisan da ya shiga ka rubuta, don in ya matsa milimita kaɗan zai riƙa gogar akwati. In ka ga wasu ƙananan kilif a kan fukafukansa, na daidaita nauyi ne, bar su inda suke. Gwada shi da batir ta hanyar fis, a ɗaure a maƙala don yana zabura. In sabon inji ka saya, tabbatar ɓangaren da yake juyawa daidai yake da tsohon. Keken da ke juyawa a baibai yana ƙara kamar yana aiki, iska kuwa kaɗan.

Masu karatu da ke da motocin kamfanin General Motors (GM) su lura nasu ya bambanta. A Chevelle da Camaro na wancan zamani injin fanka yana wajen inji, a bayan mudigad na dama, sai an sassauta rufin taya na ciki ake kai gare shi, kuma tiyonsu ɗaya inci 5/8 ne ɗaya 3/4. Na Mustang duka biyun 5/8 ne.

Mai_Fastback66

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Akwatin ya sauka. Lagireton kumfa yake yi ta tsakiya, zan kai a sake masa saƙa. Akwai tsaga mai tsawon kamar inci huɗu a ƙasan akwatin, leɓen da kilif biyu ke kamawa kuma ya gutsure. Kwalin da ke raba iska zuwa gilashi ya ruɓe. Na leƙa ramin kawul daga ƙasa da tocila, akwai tsatsa a gindin bututun da iska ke bi ta sauko cikin akwatin. Yaya zan yi da waɗannan?

Injiniya_B

Tsagar da faiba ake gyara ta, kuma daga ciki, don waje ya zauna da kamanninsa. Huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya. Goge ciki da sanfefa lamba 80, inci ɗaya da rabi kowane gefe, ka ɗan faɗaɗa bakin tsagar, ka share da asiton. In ruwan inji ya jiƙa wurin, maimaita sharewar har tsumma ya daina ɗaukar launi, don ba gam ɗin da ke kama wuri mai maiƙo. Haɗa bakin tsagar daidai, ka liƙa tef ta waje don kada ruwan gam ya ɓullo. Shimfiɗa faiba biyu ya isa, ta farko siririya, ta biyu ta fi ta faɗi, ana danna su da burushi har farin ya ɓace ba kumfa. Ifoksi ya fi kama tsohon abu. In ruwan foliyesta za ka yi amfani da shi, maganin daskarewarsa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, in ka zuba da yawa zai yi zafi ya daskare kafin ka gama shafawa, ya kuma yi gautsi. Kafin ka shafa, juya ƙofa ka ga inda bakinta ke bi, don kada facin ya yi tudu a hanyarta.

Leɓen kuma, naɗe ɗayan ɓarin da tef mai santsi, ka haɗa akwatin da sauran kilif, ka gina wurin da ifoksi da aka cakuɗa da yankakken zaren faiba. In ya bushe ka raba, ka gyara shi da zarto mai laushi har kaurinsa ya zo ɗaya da maƙwabcinsa. In ya fi kauri kilif zai sake karya shi. Bayan nan feshi ɗaya na fenti marar launi marar sheƙi ya wadatar. Baƙin fenti mai ƙyalli yana ɓoye zaren da ake gane akwatin asali da shi.

Kwalin kada ka ɓata lokaci a kansa, ana yin sabo na roba kuma ya fi na kwali ƙarko.

Kawul ɗin shi ne abin damuwa, kuma yanzu da akwatin ke ƙasa ne lokacin gwada shi. Shimfiɗa leda a ƙasan mota, wani ya zuba ruwa ta ragar waje a hankali, kai kana kwance a ciki da tocila. Ruwan ya kamata ya zagaye bututun ya fita ta gefe bayan mudigad. Ka duba na gefen direba ma, shi ma yana da nasa. In ɗigo ne daga gindin bututun kuma ƙarfen kewaye na da ƙwari, akwai bututun roba da ake cusawa daga ƙasa a liƙe da abin toshe haɗi, yana riƙewa. In sukundireba na shiga ƙarfen, ba abin da zai yi sai walda: a cire gilashi da mudigad, a huda ɗigon walda a ɗaga saman kawul ɗin. Aiki ne babba, amma sabon soso da sabon kafet a ƙarƙashin kawul mai yoyo asarar kuɗi ne.

TsohonMakanike

Wajen haɗawa, yaro, ka sa wa lagireton robobin gefensa, ka bi bakin ɓari biyun da siririn zaren danƙon nan baƙi da ba ya bushewa. Kada ka sa silikon, wanda zai buɗe bayanka sai ya fasa akwatin. Kafin ka kai shi mota, haɗa fanka da batir a kan teburi, ka juya kowace ƙofa da hannu kana jin inda iska ke fita. In ƙofa na rufe kuma iska na tsiyaya, yanzu ne gyaranta ke da sauƙi.

Sabbin tiyo a kan teburi ake sa su, da tsawonsu, a bar rara a yanke a wajen inji. Jiƙa bakinsu da ruwan inji su shige ba dole, kuma kada ka matse maƙalin har ya lotsa bututu. In an ƙara wa injin ƙarfi ko an sa famfon ruwa mai turawa da yawa, cusa ɗan toshi mai rami kamar milimita 8 a tiyon da ya fito daga manifol, shi ne na shiga, don matsin ruwa a babban gudu yana kumbura lagireton hita. Sabuwar robar da ke tsakanin bakin akwati da kawul ta zauna daidai, haka soson da ke kewaye da injin fanka a bango, don ta nan warin inji ke shigowa. Noti huɗun a ɗaure su bi da bi, a tsaya da zarar soson ya lotsa. Inda wayar fanka ke kama bango a kankare fenti har ƙarfe ya fito, tunda jikin akwatin ba ya ɗaukar wuta, ta nan kaɗai take komawa.

Kebul ɗin da ya yi tauri, rataye shi ka ɗiga mai marar kauri ta sama kana ja kana turawa har ya fito ta ƙasa. Wanda wayarsa ta lanƙwashe a ciki sai sabo. Saitinsa a kube yake: kai ƙofa ta rufu sosai da hannu, kai liba ƙarshe ka dawo da ita kamar milimita 3, sannan ka ɗaure maƙalin. Ta haka ƙofa ce ke fara kaiwa ƙarshe kafin liba, soson ya danne.

Ruwan inji rabi da rabi da tataccen ruwa. Tada inji murfi a buɗe har tamostat ta buɗe, ka ƙara abin da ya sauka, ka rufe. Taɓa tiyo biyun, duka su yi zafi, na komawa ya ɗan fi na shiga sanyi in fanka na aiki. In ɗaya ya zauna da sanyi iska ce ta maƙale, ɗaga gaban motar ka sake. Kada ka mai da kafet da durowar dashbod tukuna. Shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin akwatin, ka bar injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sannan ka sake ɗan matse maƙalan tiyon, don sabuwar roba takan saki bayan zafin farko.